Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Raya Ƙananan Hukumomi A Ziyararsa Garwa, Kamaru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan Yankin Arewa, mai martaba Lamiɗon Garwa, Allah ya ja zamaninka, mai girma Magajin Gari, malamai, iyayenmu maza da mata.

Ranka ya daɗe, a madadin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu na al'ummar Hausawan Garwa, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya, sannu kuma da zafin garinmu.

Kogin Binuwai ne ya raini kasuwar garin nan. Iyayenmu sun ga lokacin da jiragen ruwa ke hawowa daga Nijeriya da damina, su sauke gishiri da siminti, su koma da auduga da gyaɗa. Yashi ya cike hanyar, tashar ta yi shiru, amma fatauci bai mutu ba, hawa mota ya yi. Har gobe kifin tafkin Lagdo, albasa, shanu da hatsin kasuwar Pitowa suna bi ta hannun mutanen da ke gabanka, wasu su nufi Yola, wasu Njamena, wasu su gangara Ngaundare a ɗora su a jirgin ƙasa.

Mun shaida abin da aka yi mana, kuma mun gode. Gasar cin kofin Afirka da aka buga a filin Roumdé Adjia a farkon 2022 ta bar mana tituna da fitilu. A shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Garwa. Dokar Disambar 2019 ta ƙara wa ƙananan hukumomi iko, tun 2020 kuma muna da magajin gari da aka zaɓa.

To, a nan roƙonmu yake, ranka ya daɗe. Ikon da ya taso daga Yawunde ya iso ofis, muna so ya ƙarasa bakin rumfa. Sau da yawa sai an gama zane, an zuba siminti, sannan a kira mu taro. Sai ka ga shaguna masu kyau a rufe don kuɗin haya ya fi ƙarfin mai tebur, ga mata masu ƙosai da masu tallar nono a bakin titi cikin rana, babu inuwa, babu famfo, babu makewayi. Alhali su ma kullum suna yankar tikitin kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zauna da mu tun ana shawara: sarkin pawa, shugabannin 'yan acaɓa, teloli, dillalan shanu, da uwayen adashi, waɗanda ke riƙe da jarin gidaje masu yawa ba tare da takardar banki ba. A kafe sunayen waɗanda aka ba rumfuna a bango kowa ya karanta, a ware kason mata da naƙasassu, a kuma riƙa faɗa mana duk shekara abin da aka tara na tikiti da inda ya tafi. Wanda ya ga kuɗinsa ya zama kwalbati ba sai an bi shi da sanda zai biya ba.

Sai batun auduga, wanda ke ci mana rai. Hedkwatar kamfanin auduga na Sodecoton tana garin nan tun kafa ta a 1974, amma mafi yawan audugar ɗaure ta ake yi a kai Duwala a fitar waje, mu kuma mu sayo yadin da aka saƙa a wata ƙasa. Muna da masaƙa, marina da masu surfani da hannunsu ya faɗa. In hukuma da kamfani da jami'a suka haɗa kai da su, aka ba telolin unguwa ɗinkin kayan makaranta da na ma'aikata, samari da yawa za su sauka daga babur. Sai dai keken ɗinki na son wuta. Madatsar Lagdo, da aka gama a 1982, ba ta iya ɗaukar nauyin arewa duka idan ruwa ya ja baya, don haka muna roƙon a sa wa kasuwanni wutar sola kamar yadda aka fara kafa tashoshinta a garuruwan Gidar da Marwa.

Ba mu manta ambaliyar 2012 ba. Leda na toshe mana magudanai duk damina. Matasan unguwannin Yelwa da Lopere a shirye suke su karɓi kwasar shara da dashen itatuwa, in za a rubuta yarjejeniya da su a biya su kan lokaci. Mu kuma mun ɗauki alkawarin tsaftar layukanmu da biyan haƙƙin hukuma.

Bayan taro muna gayyatarka ka taka cikin kasuwa, ka ji daga bakin masu ita. Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya zaunar da Kamaru lafiya, ya mai da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.