Jam'iyyar Libaral ta Ingila daga Yaƙin Boer zuwa Satiru

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan kawo kan jam'iyyar Libaral ta Ingila.

Na farko, a 1886 jam'iyyar ta dare gida biyu, saboda shugabanta, Firayim Minista Gladstone, ya ce a bar mutanen Ailan su riƙe harkokinsu na cikin gida. Joseph Chamberlain ya fice, ya haɗa kai da 'yan mazan jiya. Ku riƙe sunan nan, shi ne ministan mulkin mallaka lokacin da sojan Lugga suka ci Kano da Sakkwato a 1903.

Na biyu, yaƙin Boer, wato yaƙin Ingila da Turawan Boer na Afirka ta Kudu, 1899 zuwa 1902, kuma nan nake so mu daɗe. Sojan Ingila suna ƙona gonaki, suna tara matan Boer da yaransu a sansanoni. Fiye da mutum 26,000 suka mutu a ciki, yawancinsu yara. Yara fa, jama'a! Ban da baƙaƙen fata da aka tsare a nasu sansanonin. Wata mata, Emily Hobhouse, ta je ta gani da idonta, ta dawo ta faɗa wa shugaban jam'iyyar, Campbell-Bannerman. A 1901 ya tashi a bainar jama'a ya kira abin dabbanci, alhali su Asquith da Grey, 'yan jam'iyyarsa, suna goyon bayan yaƙin. Lloyd George kuwa, ɗan jam'iyyar mai adawa da yaƙin, har Birmingham ya je, garin Chamberlain, zai yi jawabi. Jama'a suka yi wa zauren ƙawanya, sai da aka sa masa kayan ɗan sanda aka fitar da shi. (Dariya.) Wallahi haka aka yi, kayan ɗan sanda!

Na uku, a 1906 suka lashe zaɓe da kujeru kusan 400, a 1908 suka kawo fanshon tsofaffi, sule biyar a mako ga mai shekara 70.

Na'am, ɗan'uwa? Yana tambaya ko tausayin nan ya iso gare mu. Ka tambayi mutanen Satiru, kusa da Sakkwato. A watan Maris na 1906 sojan Lugga suka rushe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. Gwamnatin Libaral ce a kan mulki, wata uku da hawanta. Churchill yana ƙaramin ministan mulkin mallaka, ya yi ƙorafi a takardun ofis, amma ba wanda aka hukunta.