API ɗin kyauta: wanne ne ya san Yamai?

Salama alaikum 'yan uwa masu rubuta kod. Yau kan API ɗin kyauta za mu yi magana, wato ƙofar da aplikasiyonka ke ƙwanƙwasawa ta karɓo bayani daga sabar wasu ba ka biya ko dala ba.

Mu fara da yanayi. Open-Meteo ba rajista ba makulli (lambar sirrin da ake ba ka don sabar ta gane ka), ka ba shi 13.51 da 2.11, wurin Yamai kenan a taswira, ya jero maka zafin kowace awa cikin JSON (tsarin rubutun da kod ke iya karantawa), kira har 10,000 a rana in dai ba kasuwanci kake da shi ba. OpenWeatherMap kuwa sai ka buɗe kont ka karɓi makulli, kuma sabis ɗinsu mai suna One Call 3.0 sai ka sa katin banki ko da ba za ka wuce kira 1,000 na kyauta a rana ba, to ɗalibi nawa ne nan garin ke da katin? Ni dai Open-Meteo nake ba mai koyo.

Taswira, Nominatim na OpenStreetMap. Kira ɗaya a sakan, kuma ka sa sunan aplikasiyonka a User-Agent (layin da ke gaya wa sabar wanda ke kira), in ba haka ba su toshe ka. Amma fa abin da 'yan sa kai suka shigar shi kaɗai ya sani, Gran Marshe zai gano maka, "bayan famfo kusa da mai shayi" kuwa sai dai ka kira mai gidan.

Lokutan salla akwai Aladhan, shi ma ba makulli, sai dai ka kula da hanyar lissafi: ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmi ta duniya) rana na digiri 18 ƙasa da sararin gabas take ɗauka asuba ta yi, ta Masar 19.5, mintocin sun bambanta, ranar azumi mutane za su zo maka da ƙorafi. Gwada da ladanin unguwarku tukuna.

Canji shi ne inda aka fi shan wahala. Duk API ɗin da ke ɗauko farashi daga Babban Bankin Turai kaɗai ba za ka ga naira ciki ba. Sefa ba matsala, tun 1999 a ɗaure take da yuro, 655.957, ninkawa kawai za ka yi a kod ɗinka. Naira kuwa ExchangeRate-API na da ita, amma na kyautan sau ɗaya a rana yake sabuntawa, kuma ba lalle ya zo daidai da na 'yan canjin Konni ba, don haka ka rubuta a jikin allon cewa kiyasi ne.