Darasin Tafiyar Ƙafa: Bakin Tafkin Teku da Agogon Ruwa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a darasinmu na tafiyar ƙafa. Yau mun sauko daga duwatsu, mun nufi bakin teku, inda ake samun tafkuna da dausayi da kufai na mutanen da. Malam, barkanku da zuwa. Ni dai a ganina babu tafiya mai sauƙi kamar wannan, tunda fili ne shimfiɗe, ba hawa ba gangara.

Malam: Barka kadai, 'yata. Ai wannan ganin naki shi ke jefa mutane cikin wahala. Dutse tun daga nesa yake nuna maka haɗarinsa. Dausayin bakin teku kuwa lumbu-lumbu ne, wutar ƙaiƙayi. Bari mu fara da sanin wurin. Tafkin da muke magana a kai ruwa ne mara zurfi wanda wani dogon tudun yashi ya raba shi da teku, amma an bar masa 'yar ƙofa ɗaya ko biyu. Ta wannan ƙofa teku ke shigowa yana fita. To duk wanda zai zagaya irin wannan tafki, kafin ya buɗe taswira, jadawalin cikowar teku zai fara dubawa.

Mai gabatarwa: Yaya wannan jadawali yake, Malam?

Malam: A mafi yawan gaɓoɓin duniya teku yana cikowa sau 2, yana janyewa sau 2, cikin awa 24 da minti 50. Ki riƙe wannan minti 50 ɗin. Ma'anarsa, in yau ruwa ya gama janyewa da ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen ƙarfe 10 saura minti 10. Saboda haka kada wani ya ce miki ai makon jiya da hantsi ya wuce ta nan lafiya lau. Makon jiya daban, yau daban. Sannan wata ne ke jan ragamar abin. Kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, wato wajen 14 ko 15 ga wata, ruwa yakan cika fiye da kullum, ya kuma janye nesa fiye da kullum. A nan ne ake ruɗuwa, domin mutum zai ga fili ya buɗe har iya ganinsa, ya yi ta kutsawa, alhali ranar ce ruwan zai dawo da ƙarfinsa.

Mai gabatarwa: Amma ai mutum yana kallon ruwan, in ya ga ya taso sai ya juya.

Malam: Da haka yake da an huta. Matuƙa jiragen ruwa suna da wani lissafi na kimantawa. Suna raba cikowar gida 12 a kan awa 6. Awa ta farko kashi 1 ke shigowa, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, sannan 2, sannan 1. Mu ce ruwan zai tashi mita 3. A awa ta farko santimita 25 kawai zai ƙaru, sai ki ce ai wannan ruwan ba ya sauri. A awa ta uku kuwa santimita 75 ne, ta huɗu ma haka. Rabin ruwan duka cikin awa 2 yake zuwa. Kuma ba ta gabanki yake fara zuwa ba. Ƙananan kwaruruwan da kika tsallake ɗazu ba tare da kin kula ba, su yake fara cikawa. Kina kallon teku a gaba, hanyar komawa ta riga ta yanke a baya.

Wani abu kuma, jadawalin da za ki samu galibi na tashar jiragen ruwa ne da ke bakin teku. Cikin tafkin ruwa yakan makara, saboda ƙofar shigarsa ƙunci gare ta. Don haka ki tambayi masunta ko ma'aikatan gandun wurin, su suka san tazarar.

Mai gabatarwa: Akwai wuraren da aka sani da wannan matsala?

Malam: Sosai. A arewa maso gabashin Ingila akwai tsibirin Lindisfan, inda aka kafa gidan ibada a shekarar 635, wanda mayaƙan Baikin, maharan teku daga arewacin Turai, suka kai wa hari a 793. In ruwa ya janye ana taka yashi a je can, kusan kilomita 5, ana bin wasu dogayen sanduna da aka kakkafa a jere. A kan hanyar har 'yan ɗakuna aka ɗora bisa dogayen ƙafafu, don wanda ruwa ya rutsa da shi ya hau ya jira. Ai kin san ba don ado aka gina su ba. Hukumar yankin tana fitar da lokutan ƙetarewa na kowace rana. A Faransa kuma, a gaɓar Mon San Mishel, tsakanin cikowa da janyewa yakan kai mita 14, ga yashi mai kama ƙafa. Can kam ɗan jagora ake bi.

Mai gabatarwa: To in ƙafa ta nutse fa, Malam? Ya taɓa faruwa da ku?

Malam: (dariya) Kin tono ni. Ya faru, kuma laifina ne. Na hango wasu tsuntsaye, na ce bari in yanke in bar turba taku 20 kacal. Saman taɓon ya bushe ya tsattsage, ka rantse daɓe ne. Taku na biyar sai ji na yi zurum, har gwiwa, ga wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, ƙasan baƙi ƙirin. Na fizge ƙafar dama, ta hagu ta ƙara nutsewa. Takalmi ɗaya dai yana can har yau. Abin da ya kamata, ka sauke jaka, ka kwanta ta baya ko ka shimfiɗa ƙirji don nauyinka ya bazu, ka riƙa motsa ƙafa a hankali har ruwa ya shiga gefenta ta saki, sannan ka ja jiki ka koma ta inda ka fito. Taɓon ba zai haɗiye mutum ɗungurungum ba. Riƙe shi zai yi har ruwa ya iske shi, wannan ne abin tsoro.

Mai gabatarwa: Allah ya kiyaye. To Bahar Rum fa? Na ji an ce can teku ba ya cikowa sosai.

Malam: Gaskiya ne, a yawancin gaɓarta bambancin bai kai rabin mita ba. Can rana da iska da sauro ne abokan karawarki. Ɗauki Kamarg a kudancin Faransa, inda kogin Ron ya rarrabu kafin ya faɗa teku. Akwai doguwar madatsar ƙasa da ake tafiya a kanta, tafki a hannu ɗaya, teku a ɗayan, babu inuwa ko ta sanda. Ruwa ko'ina, amma duk na gishiri. Sai ki ɗauki ruwan sha fiye da yadda kike zato, da malafa, da riga mai dogon hannu, da maganin sauro. Takalmi kuma mai ɗaure ƙafa, wanda in ya jiƙe zai bushe da wuri.

Mai gabatarwa: Mu zo kan wuraren tarihi. Me ya sa ake yawan samun kufai a irin waɗannan wurare?

Malam: Nan ne daɗin tafiyar yake a wurina. Tafki yana ba mutum abu 3: gishiri, kifi, da mafakar jirgi. In kin iske kango, ki tsaya ki tambayi kanki wanne cikinsu ya kawo maginin nan. A Riya Formoza da ke kudancin Fotugal, tafkin da ya miƙe kusan kilomita 60, wanda aka mai da gandu a 1987, akwai turba a Marim kusa da garin Olyawo. A kanta za ki ga ramukan da Rumawa suka gina suna gishirta kifi a ciki. Gaba kaɗan ga gidan niƙa wanda a da teku ke juya duwatsunsa. In ruwa ya ciko ya shiga wani kududdufi, sai ƙofa ta rufe. In ya janye sai a saki wanda aka tare, ya bi ta ƙarƙashin ginin ya juya dutsen niƙa. Kin ga mai niƙan nan da agogon wata yake fita aiki, ko tsakar dare ne.

A Kamarg ɗin nan kuma akwai garin Eg Mort, sunan ma'anarsa matattun ruwaye. Daga nan Sarkin Faransa Luwi na 9 ya tashi da jiragensa a 1248. Mai hawa ganuwar yau zai ga teku can nesa, gurabun gishiri jajaye-jajaye a tsakani, ya yi mamakin ta ina jirgi ya bi. Ta magudanan cikin tafki suka bi, kuma irin waɗannan magudanai kullum cikewa suke da yashi. A Keta ta ƙasar Ghana akasin haka ne: gidan yaƙin da 'yan Denmak suka gina a 1784 teku ya cinye wani sashensa. A Wida ta Jamhuriyar Benin, hanyar da aka bi da bayi, kusan kilomita 4, ta ratsa tafki ne kafin ta kai bakin teku. Wannan hanya ba a binta da hayaniya.

Kuma don Allah, katangar da gishiri ya ci shekaru aru-aru ba ta ɗaukar nauyin mutum. Kada a hau don ɗaukar hoto, kada a sa ko gutsuren tukunya a aljihu.

Mai gabatarwa: Lokaci na neman ƙure mana, ga shi ba mu taɓo tsuntsaye ba.

Malam: A gurguje. Ki isa wurin kamar awa 2 kafin ruwa ya gama cika, shi da kansa zai koro miki su kusa. Ki sa rana a bayanki. Zalɓe, balbela, shamuwa, filamingo mai dogon wuya da launin ruwan hoda, duk za ki gani da madubin hangen nesa ba sai kin matsa ba. In suka ɗaga kai gaba ɗaya suka daina kiwo, kin yi kusa, ja da baya. Wasunsu dubban kilomitoci suka keto, kowane tashi na banza ƙarfinsu yake ci. Wasu kuma a kan yashi tsirara suke saka ƙwai, kalarsa ɗaya da tsakuwa, sai an taka ake sani. Shi ya sa inda aka shimfiɗa gadar katako, a kanta ake tafiya.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Masu sauraro, mako mai zuwa za mu ɗauki karatun taswira da kamfas, wato na'urar nuna arewa da kudu. A huta lafiya.