Darasi: Idan Labarinka Bai Samu Shiga Ba

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Kaduna. Darasinmu na yau a kan abin da marubuta ba sa son a taɓo ne: ka tura labari gasa ko kamfanin ɗab'i, a ce bai samu shiga ba. Ko ma a yi maka shiru, wanda shi ya fi yawa a wajenmu. Sai dai ka ga an fitar da sunaye, ka duba sama ka duba ƙasa, babu naka.

To, ka ji haushinka, ba laifi ba ne. Amma kada ka yanke shawara a ranar. Wata ƙanwata daga Rigasa ta turo saƙo, ta ce daren da sakamako ya fito ta zuba labarin nata gaba ɗaya a zauren WhatsApp, wai tunda alƙalai ba sa so, ga masu so nan. Ƙanwata, a nan aka yi asarar. Yawancin gasanni suna sharɗanta labarin da ba a taɓa wallafawa ba, kuma da yawa suna lissafa Facebook da manhajar labarai ta Wattpad a cikin wallafa. Labarin da za ki gyara ki kai wani wuri, kin rufe masa ƙofa da hannunki.

Bayan mako biyu ko uku, zuciya ta sauka, sai ka ɗauko sharuɗɗan gasar ka ajiye kusa da rubutunka. Ɗauki Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata: kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ake nema. In kika aika 3,000, ke kika kayar da kanki. A kowace gasa akwai tankaɗe kafin rairaya, kuma labarin da ya saɓa sharaɗi tun a tankaɗen yake zubewa, ba wanda ya kai ga ganin hikimar da ke cikinsa.

Sai ƙa'idojin rubutu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wayoyinmu sun lalata mana hannu. Mutum ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi, ya rubuta "ya na" a rabe, "yace" a haɗe, "gidan su" maimakon "gidansu". Ɗaya ko biyu, a yafe. Amma a shafi guda a samu ashirin? Mai tacewa da tulin labarai a gabansa ajiye naka zai yi. Saka allon rubutu mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ a wayarka, kyauta ne.

Duba kuma buɗewar labarin. Nawa ne cikinmu suke farawa da "Asuba ta yi, ta tashi ta yi alwala, ta share tsakar gida, ta ɗora ruwan koko"? Shafi ya ƙare, ba abin da ya faru. Yanzu saurari wannan: "Ranar da aka kawo lefen Yaya, Inna ta ƙi fitowa daga ɗaki." Ka ji bambanci? Dole ka so sanin dalili. Sau da yawa labarin naka a sakin layi na huɗu ya fara, ukun farko sharar fage ce kawai. Cire su.

Wa za ka nuna wa? Ban da aminin da zai ce "Masha Allah, ya yi daɗi" tun bai kai rabi ba. Ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da reshe a Kaduna. Nemi irin waɗannan zama, ka karanta a bainar jama'a. Tambaya ɗaya za ka yi wa mai karatunka: a ina ka fara gajiya?

Na san wani yana can yana cewa, "Malam, ai sai kana da hanya." Alƙalai 'yan Adam ne, kowa da abin da yake so, wannan gaskiya ne. Amma ni a ganina, zancen hanya ya fi zama mafakar wanda ba ya son sake zama a kan rubutunsa.

Buga littafi da kuɗinka ma hanya ce, haka marubutan Kano suka yi tun shekarun 1980, ba su tsaya jiran kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ba. Sai dai maɗaba'a abin da ka miƙa mata za ta buga, har da kurakuran, kwafi ɗari biyar ko dubu.

Aikin gida: ɗauko labarin da aka ƙi, ka karanta shafin farko da ƙarfi, ka ja layi ƙarƙashin jimlar da rikici ya soma. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, daga kan wannan jimlar za mu tashi.