Jinin Saye da Ciwon Hanta: Abin da Ya Daɗe Yana Ɓoye a Cikin Leda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena mata da ke can baya, da ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙurin zama.

Zan fara da wani abu mai kama da almara. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi wa sojojin Amurka allurar rigakafin zazzaɓin shawara. Bayan 'yan watanni sai idanun sojoji kusan 50,000 suka yi ɗorawa, fitsarinsu ya koma kamar ruwan shayi. An je maganin shawara, an kwaso wata shawarar! Da aka bi diddigi, ashe an haɗa allurar da ruwan jinin mutane don kada ta lalace, kuma wasu daga cikin masu jinin suna ɗauke da ciwon hanta. Likitoci sun gane akwai wani abu da ke tafiya a cikin jini, amma ba su iya ganinsa, ba su da gwajinsa.

Wanda ya fara kama wutsiyarsa ma ba shi ya fita nema ba. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, yana tattara jinin al'ummomi ne don ya ga inda suka bambanta. Sai jinin wani ɗan asalin Ostireliya ya nuna wata alama da aka haɗa shi da na wani majinyaci da aka sha yi wa ƙarin jini. Aka buga sakamakon a 1965, kafin shekarun 1960 su ƙare aka tabbatar alamar ta ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce.

To, nan nake so ku ba ni kunnuwanku. A cibiyar binciken lafiya ta Amurka da ke Bethesda akwai wani likita, Harvey Alter, mai haƙurin tsiya. Duk wanda aka yi wa aikin zuciya aka ƙara masa jini, sai ya ɗibi jininsa lokaci-lokaci, ya auna, ya ajiye saura a firiza. Abin da ya gani ya tayar da hankali: kusan ɗaya cikin uku na kamuwa da ciwon hanta. A 1970 asibitin ya daina karɓar jinin saye, ya koma na 'yan sa-kai, ya kuma fara gwajin nau'in B. Adadin ya faɗo zuwa kusan ɗaya cikin goma. Da suka koma kan jinin da ke firiza, sai suka ga mafi yawan wannan raguwa daga daina sayen jinin ta zo, gwajin ya taimaka ne kawai. Dalili a fili yake. Wanda yunwa ta kai shi sayar da jininsa, in ka tambaye shi ko ya taɓa yin shawara ko yana allurar ƙwaya, me kake jin zai ce?

Sauran ɗaya cikin goman nan fa? A 1975 aka gwada, ba ƙwayar ciwon hanta nau'in A ba ce, ba B ba ce. Haka aka yi ta kiranta, "ba A ba, ba B ba", shekara 14, kamar jaririn da aka rasa ragon sunansa. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa Qui-Lim Choo da George Kuo a kamfanin Chiron na Kalifoniya suka zaƙulo ta, aka raɗa mata C. Amurka ta fara tantance jini da gwajinta a 1990, Birtaniya sai Satumban 1991. Alter da Houghton da wani masani Charles Rice sun karɓi kyautar Nobel a 2020.

Waɗanda suka fi shan wuya a wannan lamari su ne masu lalurar rashin daskarewar jini. A shekarun 1970 aka samar musu da magani, Factor VIII, wanda ake tatsowa daga ruwan jinin dubban mutane da aka zuba wuri guda. Mutum ɗaya mai cuta ya isa ya ɓata tukunyar gaba ɗaya. Birtaniya ba ta iya wadata kanta ba, ta riƙa shigo da shi daga Amurka, inda ake biyan masu bayarwa, har da fursunoni. Uwa ce za ta yi wa ɗanta allurar a gida da hannunta, tana murna an huta da zaryar asibiti. Rahoton binciken da Sir Brian Langstaff ya jagoranta, wanda ya fito a watan Mayun 2024, ya ce sama da mutum 30,000 aka sa wa ciwon hanta ko ƙanjamau ta jini da magungunan jini, kimanin 3,000 sun riga mu gidan gaskiya. Ya kuma ce an san haɗarin, an ɓoye. Firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya tashi a majalisa ya nemi gafara.

Wani zai ce, Likita, wannan ai labarin Turawa ne. To, mu waye ke shan jini a asibitocinmu? Mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, yaron da maleriya ta shanye, da 'yan sikila da ake ƙara wa sau da sau. Na taɓa kwana a wani asibiti, ƙarfe biyun dare aka ce wa wani bawan Allah ya nemo leda biyu. Bai yi minti 20 ba ya dawo da "ƙaninsa". Da na kama hannun ƙanin zan ɗaura igiya, sai ga tabon allura jere a gwiwar hannu, kuma makon da ya wuce ƙanin wani ne daban.

Gwaji muna yi, na B da C da ƙanjamau da tunjere. Amma wanda ya kamu kwanan nan, akwai makonnin da ɗan tsinken gwajin nan na gaggawa ba zai nuna komai ba, alhali ƙwayar tana ciki. B tana da rigakafi, C kuma yanzu ana warkar da ita da ƙwayoyi cikin makonni 12, sai dai kuɗin.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Hajiya, ke kika fara ɗaga hannu, bismillah.