Ciwon Bornholm: Sukar Ƙirji Mai Kama da Ciwon Zuciya

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa.

Mutum yana zaune lafiya lau, sai ya ji kamar an caka masa wuƙa a haƙarƙari. In ya ja dogon numfashi abin ya ƙaru, in ya yi tari ko ya juya ma haka. Dole ya koma numfashi sama-sama, gumi na keto masa, ga zazzaɓi. Bayan minti 15 zuwa 30 ya lafa, can an jima ya dawo. Duk wanda ke wurin zai ce zuciya ce. To, wani lokaci ba ita ba ce, ciwon Bornholm ne.

Bornholm wani tsibiri ne na ƙasar Denmak a tekun Baltik. A can wani likita, Ejnar Sylvest, ya ga ciwon yana bin mutane, ya yi cikakken rubutu a kansa a 1933. Lokacin ba a san mai haddasa shi ba. A 1948 Gilbert Dalldorf, yana tsakiyar binciken shan inna, ya gano wata ƙwayar bairos a bayan gidan wasu yara daga garin Coxsackie na jihar New York a Amurka, aka sa mata sunan garin. Rukunin B na wannan ƙwaya shi ne ya fi kawo ciwon da muke magana.

Ku lura da nan. Ita da ƙwayar shan inna dangi ne, hanyarsu ma ɗaya: ta baki take shiga, ta hayayyafa a maƙogwaro da hanji, ta fita a bayan gida. Hannun da ba a wanke ba, gurɓataccen ruwa, uwa ta yi wa yaro tsarki ta koma kan abinci, shi ke nan. Daga hanji sai ta bi jini ta sauka a tsokar da ke tsakanin haƙarƙari, tsokar ta kumbura. Shi ya sa in ka danna wurin majiyyaci zai zabura. Yara kuwa sau da yawa ciki suke nunawa, har a yi zaton afendis ne.

Magani? Babu allurar rigakafi, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos, asarar kuɗi ce kawai. Hutu, shan ruwa, gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da maganin rage zafi irin su ibuprofen ko farasitamol. Kada a ba yaro asfirin. Yawanci cikin mako guda ya wuce, ko da yake yakan ɗan dawo.

Amma kada wani ya fita daga nan ya ce likita ya ce ciwon ƙirji ba komai ba ne. Ban faɗa ba. Mu kanmu ba ma ambaton Bornholm sai mun yi gwajin bugun zuciya da hoton ƙirji, mun tabbatar ba toshewar jijiyar zuciya ba ce, ba nimoniya ba, ba gudan jini a huhu ba. In ciwon kamar an ɗora maka nauyi ne, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi yana sarƙewa, ko mutum ya suma, a tafi asibiti nan take. Ita ma wannan ƙwaya jefi-jefi takan taɓa tsokar zuciya, ko rufin ƙwaƙwalwa, ko ta kumbura 'ya'yan maraina.

Wanda na fi ji wa tsoro shi ne jariri sabon haihuwa, don shi tana iya halaka shi. In akwai mai wannan ciwo a gida, a nisanta shi da jariri, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauke shi. Jaririn da ya yi zazzaɓi ko ya ƙi kama nono, kada a kwana da shi a gida.

Mai tambaya sai ya ɗaga hannu.