Mai Ciwon Suga Da Zanen Tatu: Abin Dubawa Kafin Allura Ta Taɓa Fata

Mai ciwon suga zai iya yin zanen tatu a jikinsa? Zai iya, amma sai sugansa ya daidaita, kuma akwai wuraren jiki da ba a taɓawa.

Tatu rauni ne. Injin zanen yana soka allura a fata sau ɗaruruwa har dubbai a minti guda, yana ajiye tawada a zurfin milimita 1 zuwa 2. Kowace huda ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A jikin mai lafiya, saman fatar kan warke cikin mako 2 zuwa 4. Idan kuwa suga ya yi yawa a jini, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta sukan yi rauni, ƙananan jijiyoyi kuma ba sa isar da jini sosai, sai ciwon ya daɗe a buɗe har ya ruɓe.

Saboda haka asibiti za ku fara zuwa. Ku nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suganku na wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Awon safiya ɗaya da na'urar gida bai isa ba. Ga yawancin manya, ana son sakamakon ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin 100. In ya kai 9 ko ya wuce, ku ɗaga zanen har sai ya sauko. Masu shan asfirin ko maganin hana daskarewar jini su faɗa wa likita, kada su daina sha da kansu.

Sai wurin da za a yi zanen, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ku nisanci ƙafa, idon sawu da ƙwauri. Jini ba ya isa can sosai, kuma a can ciwon suga ya fi lalata jijiyoyin ji. Wanda ƙafarsa ta fara dindiris ba zai ji zafin ruɓa ba, sai ya ga mugunya. Ƙaramin rauni a ƙafar mai ciwon suga yakan zama gyambo, gyambon kuma shi ne kan kai ga yanke ƙafa. Haka nan ku bar wuraren da kuke allurar insulin ko manna na'urar awon suga, wato ciki, cinya da bayan dantse, don a riƙa ganin fatar wurin da kyau.

Ranar zanen, ku ci abinci kafin ku fita, ku guji barasa, ku tafi da na'urar awo da abu mai zaƙi. Ku shaida wa mai zanen kuna da ciwon suga. Zafi da fargaba kan ɗaga suga, dogon zama babu abinci kuma kan saukar da shi. Ku auna kafin a fara, ku sake aunawa lokacin hutu. In kun ji rawar jiki, gumi ko jiri, ko awon ya yi ƙasa da 70 mg/dL, a tsaya. Ku sha giram 15 na suga, ku jira minti 15, ku sake aunawa. Babban zane a raba shi kashi-kashi, kowanne ya warke kafin na gaba.

Ku ga an buɗe sabuwar allura a gabanku, an sa sabuwar safar hannu, an zuba tawada a ɗan kofin da za a yar. Allurar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da kuma HIV.

A gida, ku wanke hannu, ku wanke wurin da sabulu marar ƙamshi sau 2 a rana, ku tsane shi da tsabtataccen tawul ba tare da gogawa ba, ku shafa man da aka ba ku kaɗan. Ban da susa, ɓare ɓawo ko yin iyo har ya warke.

Ɗan ja da kumburi a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Amma in jan yana bazuwa, wurin ya ɗau zafi, mugunya ta fito, zazzaɓi ya zo, ko suganku ya hau ba gaira ba dalili, ku je asibiti a ranar.